Injiniya Biyu a Moduganari

Madu bai taɓa zama a ajin injiniya ba, ko a mafarki. Sakandare ya gama a nan Yerwa, wato Maiduguri, da ƙyar da jiɓin goshi, ya koyi buga tafireta a bakin kotu, da kwamfuta ta shigo gari ya koma kanta ya buɗe ɗan shago a Moduganari. Sunan Injiniya kuwa Ba'ana mai turare ne ya laƙaba masa, dattijon majalisarsu, a daminar da rufin shagon ya yi yoyo ruwa ya jiƙa kwamfutar. Madu ya kwance ta gunduwa-gunduwa, ya shanya a tabarma kusa da kuɓewar matarsa, bayan kwana uku ya mayar ya kunna, ta tashi. Daga ranar har maƙwabta suka manta da sunansa na yanka. In za a faɗi gaskiya, sunan nan ya fi masa shagon daraja, don shagon haya ne, sunan kuwa nasa ne.

Kuma ya ci sunan, ba a ce bai ci ba. Shekarar da aka katse layukan waya a Borno saboda rikici, mutane suka koma aika wasiƙa kamar zamanin kakanni, Madu ne ya buga wasiƙun rabin unguwa direbobin Kano na tafiya da su. Ya san wanda ya rasa ɗa, ya san wanda ke neman ƙanensa tun daga Baga, bai taɓa fitar da maganar kowa ba. Sai dai babban aikin rayuwarsa wata tsohuwa ce ta kawo masa shi.

Hajja Aisa daga Bama ta gudo da 'yarta Turai, ba ta fito da komai ba sai allura a gefen ɗankwali da zanen huluna a cikin kanta. Gwanar ɗinkin hula ce tun tana budurwa, ga shi ido ya fara ƙin ta. Wata rana ta zo shagon a yi mata kwafin kati, ta hango ƙananan gidaje jere a fuskar kwamfutar, ta ce, "Ɗana, gidajen nan ana iya zuba musu launi?" Ya ce ana iyawa. Shi ke nan ta samu wurin zuwa. Shekara biyu tana zama a bencinsa da hantsi tana cewa ja uku, fari ɗaya, sauka ƙasa, shi kuma yana cikawa, tana zaginsa da Kanuri in ya tsallake gida. Zane sittin da uku suka fitar, kowanne da sunansa: Ƙafar Tantabara, Idon Kifi, Ƙofar Bama, da Gudun Asuba wanda ta ƙirƙira a nan Yerwa don tuna ranar da suka fito. Da Allah ya karɓi abarsa, zanen suka zauna a kwamfutar Madu, da kwafi ɗaya a ɗan filas, abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, wanda yake ratayawa da makullan shago. Turai da matan da ke ɗinki a zaurenta sukan zo ya buga musu wanda suke so a takarda.

To, mutum irin wannan me zai sa shi hassada? Tahir.

Tare suka tashi a Tsohuwar Maiduguri, benci ɗaya a firamare. Madu ne ya koya masa kwamfuta a shagon nan, kyauta, lokacin da Tahir ke ɗaga maus sama yana nuna wa allo kamar rimot ɗin talabijin. Sai ƙungiyoyin agaji suka cika gari, wata ta ɗauki Tahir aikin shigar da sunayen masu karɓar hatsi. Kafin ka ce kwabo ya koma Wulari, ya sa sola a kan rufi, farar mota na sauke shi a bakin majalisa da hular hana-salla a ka da jaka a kafaɗa. Cikin jakar akwai laftof siririya kamar faranti, ba ta ƙara, ba ta zafi. Ta Madu kuwa in ta tashi sai ka ce injin markaɗe. Har ciwo Tahir ya samo irin na manya: likitan ofis ya hana shi sukari, sai a dafa masa shayinsa daban, salam. Madu, mai cokali huɗu a kofi, yakan ce, "Mu talakawa ko ciwon ba mu cancanta ba." A yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa iyakarta haƙori.

Motar ba ta dame shi sosai ba, haka solar. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro ya faru ne wata la'asar, da wayar Ba'ana ta ƙi buɗewa. Dattijon ya ce, "Injiniya, duba min abin nan." Madu ya miƙa hannu. Wayar ta wuce ta gaban hancinsa ta sauka a hannun Tahir. Da farko Injiniya Ƙarami ake ce wa Tahir, da wasa. A hankali ƙaramin ya faɗi kamar maɓallin tsohuwar riga, ba wanda ya duƙa ya ɗauka. Shi Tahir bai taɓa daina kiran Madu Injiniya ba, ko a gaban wa, amma wannan ma Madu gatse yake jin sa. Mai hassada ko gaisuwa ka yi masa sai ya juya ta ya duba ƙasanta.

Ana cikin haka, a shekarar da aka tarwatsa turakun lantarki a hanyar Damaturu gari ya yi wata da watanni babu wuta, labari ya bazu cewa kamfanin da ke yin babbar manhajar kwamfuta, wadda duk sauran ke hawa kanta, zai fito da sabuwa. Talla ta ko'ina: wai sabon zamani, wai ba a taɓa ganin irinta ba, an sa rana da lokacin da za a nuna wa duniya. Madu ya ga abin nema ya samu. Nan ne fagen da shigar da sunayen masu hatsi ba zai yi wa mutum rana ba. Ya shiga karanta duk abin da ya samu a wayarsa, abin da bai samu ba ya cike da nasa.

"Wannan da za ta zo," ya gaya wa majalisa, "magana za ka yi mata ta yi aiki. Kuma ba ta shan wuta. Fetur ɗin kwana ɗaya sai ya yi maka uku."

Ba'ana ya ce, "Tana jin Kanuri?"

"Sun ce duk harsunan duniya."

"To Kanuri a duniya yake," in ji Ba'ana, ya gyara zama. Tahir kuwa kurɓar shayinsa marar daɗi kawai yake yi. Shirun nan ya ƙara wa Madu wuta, har ya yi alkawarin ranar nunin kowa ya zo ya gani da idonsa.

Ranar ta faɗo bayan la'asar. Madu ya fito da allon kwamfutarsa ƙarƙashin darbejiya, ya ɗora a tebur, ya ja waya daga janareto, ya sa babbar riga da hular Ƙofar Bama. Mutum ya fi ashirin a tabarma, har da masu wucewa. Wani Bature ya fito da riga marar wuya, kai ba hula, ya yi ta magana yana dafa ƙirji kamar mai ta'aziyya, Madu na fassarawa. Hoton ya tsaya, ya tafi, ya tsaya. Minti arba'in ana jira a ga abin mamaki. Abin da aka gani shi ne maɓallin da ake dannawa a kusurwar hagu ya dawo tsakiya, kusurwoyin akwatuna sun zama masu lanƙwasa, sautin kunnawa ya canza. Sai kiɗa, sai aka gama.

Majalisa ta yi tsit, janareto kaɗai ke magana. Ba'ana ya ce, "Injiniya, an gama ne ko sallah suka tafi?"

"An gama, Ba'ana."

"Wato ƙofar suka ciro daga gefe suka kafa a tsakiya, suka tara duniya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ina Kanurin?"

Madu ya fara kame-kame, wai manyan abubuwan a ciki suke, sai an ɗora ake gani. Shi kansa zuciyarsa ta yi sanyi, don ya san ta leƙo ta koma. Da a nan abin ya tsaya da sauƙi. Sai Tahir, da ke duba wayarsa, ya matso ya yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba: "Injiniya, ka ga nan? Sun ce tsofaffin kwamfutoci ba za su ɗauka ba. Akwai wani ɗan abu da sai sababbi ke da shi."

Ba'ana kunnensa ba ya tsufa a irin wannan wuri. "Ta Madu ba za ta ɗauka ba ke nan. Taka fa?"

"Tawa za ta ɗauka, wai."

Wai ɗin nan ta fi komai ciwo. Mutum yana da abu a hannu ko damuwa bai yi ba! Wani ya ce to ran Juma'a mai zuwa Tahir ya kawo tasa a gani, tunda an ce akwai ta gwaji da za a saki cikin mako. Tahir ya yi murmushi kawai. Madu ya naɗe wayar janaretonsa yana jin kamar an zuba masa barkono a ƙirji. Manhajar ba ta burge shi ba ko kaɗan, ya sani, ya yarda. Amma ya rantse a ransa ba za a fara ganinta a Moduganari a kan farantin Tahir ba.

Ya nemo dabara, don ba a rasa masu dabara a intanet. Akwai hanyar da ake ruɗar manhajar ta hau tsohuwar kwamfuta, sai dai ana bukatar filas a zuba ta a ciki. Filas ɗaya gare shi, na jikin makullai. Da ya soka, aka tambaye shi ko ya yarda a share abin da ke ciki. Ya ce a ransa, ai na asali suna cikin kwamfuta, ya danna. Wannan ran Talata ke nan. Laraba duk ta tafi a saukewa, layi na yankewa, fetur na ƙarewa, yana sake farawa, kansa ya yi zafi. Ran Alhamis da hantsi manhajar ta ƙi hawa, ta ce sai an share cikin kwamfutar ƙaf. Madu ya dubi agogo, ya tuna gobe Juma'a, ya tuna murmushin Tahir. Ya ce a ransa, ai akwai kwafi a filas. Shekara bakwai yana faɗa wa kansa wannan magana kullum, ta zama kamar numfashi, ba ya ma jin lokacin da yake faɗarta. Ya danna.

Mutumin da ke yi wa 'yan makaranta wa'azin ajiye kwafi biyu ke nan. Sauri ya haifi nawa.

Da la'asar ya sake fito da tebur. Ga ta nan, maɓalli a tsakiya, a kan injin markaɗensa, na farko a Moduganari, watakila a Yerwa baki ɗaya. Aka leƙa. Ya danna abu, ta yi tunani mai tsawo kafin ta buɗe. Ba'ana ya sunkuya ya gaishe ta da Kanuri, "Wushe." Ba ta amsa ba. Minti uku aka yi ana kallo, hira ta koma kan yaushe za a gyara turakun wuta. Madu ya juya wajen Tahir, da murya kamar ba komai: "Taka fa? Gobe muna jira."

"Ai ofis sun hana," in ji Tahir. "Sun ce kada wanda ya taɓa sai baɗi, ko baɗin baɗi. Ni na ji daɗi ma, na saba da tsohuwar. Amma ka yi ƙoƙari, Injiniya, wallahi ni ba zan iya ba."

Ashe tseren shi kaɗai yake yi.

Washegari Turai ta zo da sassafe, an ba su aikin huluna goma na wani ɗaurin aure, Gudun Asuba ake so. Madu ya buɗe inda zanen suke zama, babu. Ya yi 'yar dariya, ya ciro makullai, ya soka filas. Babu komai ciki sai manhajar. Ya zare ya mayar. Ya sake zarewa ya hura ya mayar, kamar hurawa za ta dawo da Hajja Aisa. Sai a lokacin Talata da Alhamis suka haɗu a kansa, gumi ya karyo masa tun daga ƙarƙashin hula.

Bai yi mata ƙarya ba, wannan dai a ba shi. Ya faɗa mata tun daga farko, ban da dalilin. Turai ta zauna a bencin nan da uwarta ta shekara biyu a kai, ta yi salati. Can ta ce, "Ya Madu, garin neman gira ka rasa ido. Mun gudo da su daga Bama a ƙafa ba su ɓata ba, sai a nan cikin inuwa?" Ya rasa inda zai sa fuskarsa. Suka bi gidajen mata suna neman takardun da ya taɓa bugawa, to takarda a gidan da ake soya ƙosai ba ta kwana. Bakwai suka samu, biyu a ciki mai ya cinye rabinsu. Matan sun haddace waɗanda aka fi saye, amma tsofaffin masu wuya, waɗanda Hajja kaɗai ta riƙe, ba mai iya kawo su daga ka.

A hanyar dawowa Turai ta ce, "Sai dai ka je wurin abokinka."

"Wane aboki?"

"Tahir mana. Duk zanen da kuka fitar kai da Hajja, hular farko shi yake saye. Tun tana da rai. Ya ce kada a gaya maka, kada ka ce yana nuna maka kuɗi."

Mako guda Madu yana zagaye maganar nan. Ya je masallacin Juma'a yana leƙen kawunan mutane har wani ya tambaye shi lafiya. Ya je wurin masu wankin hula ya samo uku. Ya gwammace ya bi Yerwa kai-kai da ya taka Wulari. Amma ɗaurin auren na matsowa, kuma duk sanda ya shiga shago bencin nan na kallonsa. Ran Asabar da hantsi ya ɗauki takarda mai gidaje, da fensir, da rula, ya hau Keke Napep.

Mu'mina matar Tahir ce ta amsa sallama daga bayan labule. "Ya Madu, wushe, wushe! Yau kai ne a gidanmu?" Ya amsa da fara'a, amma ya lura: da can Injiniya take ce masa. Tahir ya fito da jallabiya, ya ja shi falo, fanka na juyawa a sama da wutar sola, a garin da mutane ke kwana a tsakar gida don zafi. Madu ya faɗi abin da ya kawo shi yana kallon fankar. Ya shirya wa dariya, ya shirya wa nasiha, har amsa ya tanada. Tahir bai yi ko ɗaya ba. Ya shiga ciki ya jawo akwatin ƙarfe irin na amare, ya buɗe. Huluna ne cikin juna, jere-jere, kowace da 'yar takarda a maƙale an rubuta sunanta, ƙamshin turaren wuta na tashi. Ko ɗaya ba a taɓa sawa ba.

"Sittin da ɗaya ne," in ji Tahir. "Biyu sun wuce ni lokacin da aka tura ni Monguno. Idon Kifi da wata."

Madu ya ɗauki Gudun Asuba yana juyawa. Ga wurin da Hajja ta zage shi don ya sa shuɗi a madadin kore. Ya ce, "Kai da ba ka sa irin wannan, me kake yi da su?"

"Ni abin da nake bugawa a ofis, ƙarshen wata a tura Abuja, ba wanda zai ƙara gani. Kai naka a kan mutane yake yawo. Na ce bari ni ma in mallaki wani abu a ciki."

Da wani ne da zuciyarsa ta yi fari. Madu kuwa godiya ta zo masa, gaskiya ta zo, amma tare da hassada suka iso. Wato ko a riƙon amanar Hajja Aisa mutumin nan ya fi shi. Ko a alheri ya riga shi, kuma a ɓoye, yadda ba za a ma iya yi masa gori ba. Ya shimfiɗa takardarsa a ƙasa, ya ɗora hular a gwiwa, ya fara ƙirga zare da bakin fensir: ja uku, fari ɗaya, sauka ƙasa. Tahir ya zauna gefe yana riƙe masa rula. Aikin wata shida ne a gabansu, in an yi sauri.

Sun yi nisa sai labule ya motsa, aka turo faranti da kofi biyu, ja da fari. Mu'mina, wadda kamar kowace matar kirki ba ta kama sunan miji, ta ce daga ciki, "Injiniya, naka ne jan kofin."

Hannun Madu ya riga tunaninsa. Ya ɗauki jan kofin ya kurɓa. Salam, ko ƙwayar sukari babu.

Ya tsaya da kofin a baki. Tahir ya gani, Madu ma ya san ya gani. Tahir ya miƙa hannu ya ɗauki farin, wanda aka zuba wa cokali huɗu, wanda likita ya hana shi shekara uku ke nan, ya shanye shi har ƙasa yana kallon takarda. Sannan ya ajiye ya ce, "Ina muka tsaya, Injiniya?"

Madu ya shanye nasa shi ma, da ɗacinsa da komai. Ya ce, "Fari ɗaya."